Babi na Biyar: Rabon Ɗan Rakiya

A ce magidanci ya yi tanadi ya ɗauki iyalinsa zuwa Dubai ko Amurka lokacin hutun makaranta. Tun daga gida yara sun ishe shi da zancen wani filin wasa da aka gina bisa labarin wani fim. Su sun haddace fim ɗin, sun san jarumi, sun san bos, har sunan dokin jarumin sun sani. Shi kuwa ko tallan fim ɗin bai taɓa gani ba, haka ma uwargida. Ana isa bakin ƙofa aka faɗa masa kuɗin tikiti, ya ninka shi sau shida a ransa, sai ya juyo ya ce, "To ni da ban kalli fim ɗin ba, me zan shiga in yi? Ba gara in sami inuwa in jira ku ba?"

Tambayar ba ta marowaci ba ce, ta mai hankali ce. Kamfanonin da ke zuba ɗaruruwan miliyoyin daloli wajen gina waɗannan wurare ma ita ke hana su barci, domin idan amsarta ta zama "gara ka jira a inuwa", jarinsu ya shiga ruwa. A wannan babi zan kira irin wannan magidanci ɗan rakiya, wato wanda ya shigo filin wasa ba don son fim ɗin ba, sai don wani ya jawo shi.

Su wa ke tsaye a layi?

Mutum na iya shiga sinima shi kaɗai, amma da wuya ka ga wanda ya je filin wasa shi kaɗai. Ana zuwa ne da iyali, ko abokai, ko 'yan aji ɗaya da malaminsu. A cikin mutum biyar da suka zo tare, sau da yawa ɗaya ne ko biyu suka matsa a zo, sauran bin su suka yi. Ga shi kuma a manyan filayen nan a bakin ƙofa ake biya, tikiti ɗaya ya buɗe maka kusan duk abin da ke ciki. Wanda ya riga ya biya kuwa ba ya tsallake lilo don bai san fim ɗinsa ba, hawa zai yi ya ci kuɗinsa.

Akwai kuma maganar shekaru. Fim yakan yi 'yan makonni a sinima ya ba wani wuri. Lilon ƙarfe da siminti kuwa ana gina shi ne don ya yi shekara ashirin ko talatin yana aiki. Yaron da zai hau shi a shekararsa ta ashirin ba a ma haife shi ba lokacin da fim ɗin ke tashe. Saboda haka ko da masoya ne suka cika layi a ranar buɗewa, a hankali 'yan rakiya ne ke gaje shi.

Kamar gidan biki ne. Dangin amarya da na ango nawa ne a cikin taron? Sauran duk gayya ce, wasu ko sunan amaryar ba su riƙe ba. Amma mai girki ba ta cewa bari in rage gishiri tunda waɗannan ba su san amarya ba. Su ne ma za su fita su faɗa wa gari ko bikin ya yi armashi.

Me ya sa ake sayen sunan fim?

Idan haka ne, me ya kai kamfani biyan maƙudan kuɗi don ya liƙa sunan fim a jikin lilo? Amsar a taƙaice ita ce suna na kawo mutane bakin ƙofa, kuma ba a taɓa ganin hakan ƙarara kamar a 2010 ba.

A ranar 18 ga Yuni na wannan shekara kamfanin Universal ya buɗe sashen Harry Potter a filinsa na Islands of Adventure da ke Orlando, jihar Fulorida. An gina ƙauyen da ke cikin labarin, da shagunansa da rufin gidajensa masu kama da ƙanƙara ta lulluɓe su a tsakiyar zafin Fulorida, da makarantar Hogwarts a kan tsauni. Bisa ƙiyasin masu bin diddigin wannan sana'a, filin ya karɓi mutum wajen miliyan 4.6 a 2009. A 2011 adadin ya haura miliyan 7.6. Filin bai motsa daga inda yake ba, yawancin lilukansa na da ne, littattafai bakwai da jerin fina-finai ne suka turo wannan ƙarin jama'a. Daga nan sauran kamfanoni suka farka. Disney ya buɗe garin motocin fim ɗin Cars a Kalifoniya a 2012, ya buɗe duniyar Avatar a 2017, ya buɗe ta Star Wars a 2019.

Dabarar kanta tsohuwa ce. Da Walt Disney ya buɗe Disneyland a Anaheim a watan Yulin 1955, akwai lilon Peter Pan da na Snow White a ciki. Fadar da ke tsakiyar filin kuwa an ba ta sunan Sleeping Beauty ne shekara huɗu kafin fim ɗin ya fito a 1959. Duk wanda ya tsaya ya ɗauki hoto a gabanta a waɗannan shekaru huɗu ɗan rakiya ne, tunda babu mahalukin da ya kalli fim ɗin, kuma hakan bai hana kowa ɗaukar hoton ba.

Fim ya kwanta, lilo na tsaye

Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Idan muna so mu san ko lilo na iya gamsar da wanda bai san fim ba, sai mu nemi inda fim ɗin ya shuɗe aka bar lilon shi kaɗai.

A 1995 aka saki Waterworld na jarumi Kevin Costner, labarin duniyar da ruwa ya shanye. An kashe masa wajen dala miliyan 175, kuɗin da ba a taɓa kashe wa fim ba a lokacin, ya kuma fito ya sha suka, sunansa ya zama abin zolaya a Hollywood. A wannan shekarar Universal ya buɗe wasan kasada mai sunan fim ɗin a filinsa na Kalifoniya. 'Yan kallo na zaune a kan benci, gabansu wani katon tafki da aka kewaye da tsatsattsun ƙarafa. 'Yan wasa na tsere a kan baburan ruwa, ana harbe-harbe, wani ya faɗo daga sama jikinsa na cin wuta ya nutse a ruwa, can kusa da ƙarshe sai jirgin sama ya tsallako bango ya faɗo tafkin dab da 'yan kallo. Tun kafin a fara ma 'yan wasan na watsa wa na layin gaba ruwa da bokiti. Wasan ya karɓu har aka kwaikwaye shi a Japan a 2001, a Singafo a 2010, a Beijin a 2021. Ka tambayi kanka, mai karatu: cikin waɗanda ke ihu a Beijin lokacin da jirgin ya faɗo, mutum nawa ne suka zauna suka kalli fim ɗin Costner? Jirgi ya faɗo a gabanka, ba ka buƙatar tafinta.

Labarin Splash Mountain ya fi wannan ban mamaki. An buɗe shi a Disneyland a 1989: kwalekwale mai siffar gungumen itace yana ratsawa da kai ta cikin dajin dabbobi masu waƙa, sannan ya sulluɓo da kai daga tudu mai tsayin wajen mita 15 zuwa cikin ruwa. An ɗauko shi ne daga Song of the South, fim ɗin 1946 wanda aka daɗe ana zargi da ƙawata rayuwar baƙaƙen fata a gonakin kudancin Amurka. Bayan 1986 Disney bai sake kai shi sinima ba, bai kuma taɓa sayar da shi a kaset ko faifai a Amurka ba. Kamfanin da kansa ya ɓoye fim ɗin, amma lilon ya shekara talatin da 'yan kai yana cikin waɗanda layinsu ya fi tsawo. Labarin da ke ciki na zomo ne mai wayo da dila da wani katon dolo suna farautarsa, yana kuɓuce musu da dabara. Duk wanda aka yi wa tatsuniyar Gizo a tsakar gida zai gane shi a kallo ɗaya, kuma ba abin mamaki ba ne, domin tatsuniyoyin zomon nan daga bakin jikokin bayin da aka kwashe daga Afirka aka tattara su. A 2023 aka rufe lilon saboda tarihin fim ɗin, aka sake masa ado da labarin wani fim ɗin daban, aka buɗe a 2024. Tudun da gangaren suna nan yadda suke.

Wanda ya fi burge ni shi ne Tower of Terror. A 1994 aka gina shi a Fulorida, a siffar tsohon otal da aka yi watsi da shi. Ana saka ka a lif, a hau da kai sama, a buɗe ƙofa ka hango filin duka, sannan a fizgo ka ƙasa da gudun da ya fi na faɗuwar dutse, a sake cilla ka sama. An jingina shi da The Twilight Zone, wani shirin talabijin na baƙi da fari da aka yi daga 1959 zuwa 1964. Da aka tashi gina irinsa a Tokyo a 2006, sai aka ajiye sunan shirin gaba ɗaya, aka ƙirƙiro labarin wani attajiri mai kwashe kayan tarihin mutane, wanda ya ɗauko wani gunki daga Afirka ya raina shi, gunkin ya yi maganinsa a cikin lif. A Kalifoniya kuma a 2017 aka cire labarin otal ɗin aka saka na jaruman Guardians of the Galaxy. Injin kusan iri ɗaya ne, an sa masa riga uku, kuma a duka ukun mutane na bin layi.

Akwai ma inda aka juya abin. Lilon Pirates of the Caribbean tun 1967 yake Disneyland, babu wani fim a bayansa. Sai a 2003 aka yi fim daga lilon, Johnny Depp ya fito a ciki, a 2006 aka dawo aka dasa mutum-mutuminsa a cikin lilon da ya haife shi.

Abin da ɗan rakiya ke tafiya da shi

Mu Hausawa bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba. Shekaru da dama kafin a fara fassara fina-finan Indiya, iyayenmu da yayyenmu na cika gidajen sinima a Kano da Kaduna da Jos suna kallonsu ba tare da jin yaren ba. Sun san wane ne jarumi, sun san wane ne azzalumi, sun san uwar da aka raba da ɗanta, suna kuka inda ya kamata a yi kuka. Abin da ya riƙe su shi ne abin da ido ke gani da abin da zuciya ta riga ta sani. Lilo mai kyau haka yake aiki.

Farkon abin da ɗan rakiya ke samu na jiki ne. Cikinka ba ya tambayar sunan darakta kafin ya juya. Da aka buɗe Disneyland na Shanghai a 2016, ɗaya daga cikin lilukan da suka fi jan jama'a shi ne na Tron, inda kake kifa ciki kamar kana kan babur, a harba ka cikin duhu da fitilu masu shuɗi da gudun kusan kilomita 100 a sa'a. Fim ɗin Tron na asali na 1982 ne, kuma ko a Amurka bai yi wata kasuwar a zo a gani ba.

Sai wurin kansa, wanda a ganina shi ne babban rabon ɗan rakiya. Lokacin da Disney ya sanar a 2011 cewa zai gina duniyar Avatar, mutane da yawa sun yi dariya. Gaskiya ne fim ɗin James Cameron na 2009 ya tara kuɗin da babu wanda ya taɓa tarawa kafinsa, amma ka tare mutum goma da suka kalle shi ka ce su faɗa maka sunan jarumin, za ka sha mamaki. Fim ne da kowa ya gani, kaɗan suka riƙe. Masu tsara wurin sun fahimci haka, sai suka ƙi dogara da jaruman. Suka ce labarin wurin na faruwa ne shekaru masu yawa bayan yaƙin da ke cikin fim ɗin, kai kuma baƙo ne da ka zo yawon buɗe ido a wata duniya. Suka gina duwatsu da ke kama da suna rataye a sama, ruwa na zubowa daga jikinsu, suka cakuɗa tsirrai na gaske da na ƙirƙira, da dare kuma ƙasa da ganyaye su yi ta ƙyalli. A babban lilon, Flight of Passage, kana hawa wani abu kamar babur, a sa maka tabarau, sai ka tsinci kanka a bayan wani katon tsuntsu kana ratsa daji da teku. Iska na bugun fuskarka, feshin ruwa na taɓa ka, kana jin ƙamshin ƙasa, kuma a tsakanin cinyoyinka kana jin haƙarƙarin dabbar na buɗewa yana rufewa kamar dokin da ya sha sukuwa. Bayan buɗe shi a watan Mayun 2017, mutane kan yi sa'a uku a layi don tafiyar da ba ta kai minti biyar ba. An mai da kowa baƙo, don haka babu wanda ya ji shi bare ne.

Na kan kwatanta wannan da hawan Sallah. Bature ko ɗan kudu da ya tsaya a Ƙofar Kudu ranar hawan Daushe bai san wane hakimi ne ke wucewa ba, bai san tarihin sarautarsa ba, ba ya jin kirarin da ake yi masa. Amma idan mahaya suka sako dawakai a guje suka ja linzami a gaban Sarki, tsigar jikinsa na tashi kamar ta kowa. Bakano na ganin abin da baƙon ba ya gani, wannan gaskiya ne, sai dai baƙon bai koma gida hannu rabbana ba.

Abu na ƙarshe shi ne labarin da za a iya faɗa da numfashi ɗaya. Dabbobin da aka tsare sun ɓalle, ku gudu: lilon Jurassic Park ke nan. An kama ku, ku tsere: ba sai an yi maka darasi ba. Duk lilon da sai an karanta maka tarihin gidaje uku da yaƙe-yaƙe biyu kafin ka gane dalilin da ya sa kujerarka ke girgiza, ya riga ya sallami rabin masu hawansa.

Inda ake barin ɗan rakiya a waje

Ba kullum ake dacewa ba, kuma kuskuren ya kasu gida biyu.

Na farko shi ne a gina wuri da ƙa'idojin da sai na ciki ke ganewa. A 2012 Disney ya sayi kamfanin Lucasfilm, mai Star Wars, a kan wajen dala biliyan 4. A 2019 ya buɗe Galaxy's Edge a Kalifoniya da Fulorida, kowanne a kan eka 14. An yi aiki na gani na faɗa, amma an tsaurara. Alamomi da yawa an rubuta su da haruffan duniyar fim ɗin, ma'aikata na gaishe ka da gaisuwar can, har kwalaben Coca-Cola an sake musu siffa. Garin da aka gina ba ya cikin fina-finan da mutane suka tashi da su, kuma saboda an kafe labarin a wani zamani na musamman, a lokacin ba ka ganin Darth Vader yana yawo, alhali shi ne wanda ko ɗan rakiya ya san baƙin kwalkwalinsa. A watannin farko cunkoson da aka yi tsammani a Kalifoniya bai zo ba. Dalilan suna da yawa: an ƙara kuɗin tikiti, mutane sun ji tsoron turmutsitsi sun ɗaga tafiya, kuma lilo ɗaya kacal aka buɗe da shi. Abin lura shi ne abin da ya biyo baya. Da aka buɗe lilo na biyu, Rise of the Resistance, a ƙarshen 2019 a Fulorida da farkon 2020 a Kalifoniya, sai labari ya sauya. A cikinsa ana kama jirginku, ƙofa ta buɗe, ka fito cikin wani makeken zaure ka tarar da sojoji hamsin cikin fararen sulke sun jeru suna fuskantarka, a tura ka ɗakin tsaro, sannan wasu su fasa bango su fitar da kai. Kaka da jika duk sun gane wannan.

Kamfanin bai tsaya nan ba. A watan Maris na 2022 ya buɗe Galactic Starcruiser, otal mai ɗaki 100 da aka yi shi kamar jirgin sararin samaniya. Kwana biyu za ka yi a ciki, tagogin ɗakuna allo ne da ke nuna taurari, ana ba ka aiki a cikin labarin, ka zaɓi ɓangaren da za ka bi, ka yi ta hulɗa da 'yan wasa daga safe har dare. Kuɗin mutum biyu ya kusa dala 5,000. Da yawa daga waɗanda suka shiga sun yaba, amma a ƙarshen Satumbar 2023 aka rufe shi, bai cika shekara biyu ba. Ka tuna magidancinmu na farkon babi. Zai iya haƙurin minti biyar a lilon da bai gane ba don ɗansa ya ji daɗi. Kwana biyu yana wasan kwaikwayo a labarin da bai sani ba, a kan kuɗin da zai sayi mota, wannan kuma sai a nemi wani. Wurin da ba shi da gurbin ɗan rakiya, masoyi ma sai ya rasa wanda zai raka shi.

Kuskure na biyu shi ne a ɗauka suna kaɗai ya isa. Fina-finan Fast & Furious na cikin waɗanda suka fi kasuwa a duniya, har a garuruwanmu samari sun san Vin Diesel. Da Universal ya buɗe lilonsu a Fulorida a 2018, sai ya zamana an saka mutane a wata doguwar mota mai kama da bas, tana jijjiga a tsakanin manyan alluna biyu ana nuna musu hoton tsere. Fim ɗin gudun mota, amma babu gudu. Masoya sun yi tir, 'yan rakiya sun fito suna tambayar ko an gama ke nan. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Abin da ya faru a Dubai

Misalin da ya fi kusa da mu yana Dubai. A watan Nuwamban 2016 aka buɗe Bollywood Parks a yankin Jebel Ali, fili guda da aka keɓe wa fina-finan Indiya. Akwai wasan farautar Gabbar Singh na fim ɗin Sholay, akwai na Lagaan da Krrish da Ra.One, akwai wasan kasadar motoci na Dabangg, ga katafaren gidan rawa mai siffar fadar maharaja. A takarda babu yadda za a yi ya faɗi: Indiyawa da 'yan Pakistan sun cika Dubai, ga Larabawa da 'yan Afirka irinmu da suka tashi da waɗannan fina-finai.

A watan Afrilun 2023 aka rufe shi. Ba zan ɗora laifin duka a kan abu ɗaya ba, domin wurin na da nisa da tsakiyar gari, zafin Dubai na korar mutane daga fili na tsawon watanni, annobar korona ma ta yi nata ɓarin. Amma akwai abin da ya shafi zancenmu. Yawancin abubuwan da aka fara da su na allo ne da kujera mai motsi, wato an sake nuna maka fim a wata siga. Wanda ya san Sholay zai yi murmushi idan ya ga Gabbar. Yaron da bai san shi ba, wani mai gemu kawai ya gani a majigi. Masu filin da kansu sun nuna sun gane inda gizo ke saƙa, domin a 2021 sun ƙaro lilukan da ba ruwansu da sanin fim, ciki har da wani lilon juyi mai tsayin mita 140. Da aka rufe filin aka mai da shi na ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Real Madrid a 2024, hotunan jaruman Indiya aka sauke, dogon lilon kuwa aka sake masa suna ya ci gaba da aiki.

Abin da masoyi ya fi shi da shi

Kada a ɗauka ina cewa da masoyi da ɗan rakiya rabonsu ɗaya. Wanda ya girma da Star Wars, ranar da ya zauna a kujerar matuƙin jirgin Millennium Falcon yana iya zubar da hawaye, na kusa da shi kuwa maɓallai kawai yake gani. Yarinyar da ta karanta Harry Potter sau uku tana gane kowane kwali da ke tagar shago. Irinsu ne ke sayen sandar wasa da alkyabba da takobin haske mai tsada, kuma daga wannan ciniki kamfani ke cin riba mai tsoka. Ɗan rakiya yakan tsaya a abin sha da hoto.

Akwai kuma wanda ba rashin sani ne ya raba shi da fim ba, ƙi ne. Gidaje da yawa, na Musulmi da na Kirista, ba sa barin 'ya'yansu su karanta Harry Potter saboda labarin sihiri ne, kuma ginin dutse komai kyansa ba zai sauya musu ra'ayi ba. Wannan ba ɗan rakiya ba ne, shi tun daga gida ya ce ba za shi ba, kuma yana da hujjarsa. (Ga wanda ya shiga kuwa, shahararren abin shan wurin da ake kira Butterbeer suna ne kawai ya yi kama da na giya, babu barasa a cikinsa, zaƙi ne da kumfa.)

To me za mu ce wa magidancin da muka bari a bakin ƙofa? Ya tambayi yaran abu ɗaya: a cikin lilon, me ke faruwa da mutum? Idan suka ce ana cilla shi sama, ko ana jiƙa shi, ko ana shigar da shi wani gari da bai taɓa ganin irinsa ba, ya biya ya shiga, zai fito yana ba da labari fiye da su. Idan kuwa suka fara da cewa sai ka san wane ne kawun jarumin tukuna, ya saya musu tikiti ya nemi inuwarsa.

Sai dai ko ya shiga, akwai abin da ke jiransa wanda babu fim ɗin da ya shirya shi dominsa: tsayuwar sa'a biyu a rana don lilon minti huɗu. Yadda injiniyoyi ke lanƙwasa layi don kada ka ga tsawonsa, da yadda kamfanoni suka koma sayar wa mai kuɗi damar tsallake shi, shi ne zancen babi na shida.